Mota Ɗaya, Suna Huɗu

SHAFI NA 23

Masu cika min waya da saƙo wai na yi shiru, ku matso, ga shi nan. Mai hawan jini ya sha maganinsa tukuna, don ni da na rubuta ma har yanzu raina bai sauka ba. Beryl ce dai ke ba da labarinta.

*

Ranar Lahadin nan Baba ya riga kowa tashi. Ko shayi bai kurɓa ba ya ɗauki bokiti da tsumma, ya fita wanke motar da babu ko ɗigon datti a jikinta.

Ta taga nake kallonsa. Wata takwas na yi ina jinyar mutumin nan a gidan gwaggona can bakin teku, saboda ciwon ƙirji, ban taɓa jin ya yi fito ba sai ranar. Yana goga, yana tari, yana fito.

Koriya ce shar, sabuwar Lanbury, irin wadda ake cewa za ta kwashe miji da mata da yara har da karen gida. Yayana Desmond, wanda ke aiki a ofishin sama na kamfani, shi ya kawo ta ran Juma'a da muka dawo, wai kyauta ce daga manya. Har da mai ɗaukar hoto ya zo. Washegari sai ga Baba a jarida, ya dafa tambarin motar, an rubuta a ƙasa: "Cyril Tranter, shekara arba'in yana bugun ƙarfe a Lanbury. Hannayen da suka ƙera ta jiya, su suka ƙera ta yau."

Na fito masa da shayi.

Ya ce, "Tsaya ki ji wani abu, Beryl."

Ya buɗe ƙofar motar, ya mayar.

Ɗif!

"Kin ji? Haka ƙofa take rufuwa idan 'yan halak ne suka haɗa ta. Ba irin gwangwanin madarar da 'yan tsallake ke bugawa ba."

'Yan tsallake su ne mutanen Hadlow. Kogi ne ya raba garinmu biyu, kowane gefe da masana'antarsa, da mashayarsa, da ƙungiyar ƙwallonsa. Ko da manya a Landan suka haɗe kamfanonin biyu shekara uku da suka wuce, Baba cewa ya yi auren takarda ne, ba za a taɓa kwana ɗaki ɗaya ba.

Da rana muka zauna cin abinci. Mama ta gasa naman sa da dankali, ta yi romo mai kauri. Desmond ya zo da kwat da laktaye kamar wanda zai karɓi lambar yabo. Na lura Mama ba ta ci, juya cokali kawai take yi.

Baba na cikin yanka naman muka ji ham ɗin mota a ƙofar gida.

Ba sau ɗaya ba. Mai shi ya danna ya ƙi saki.

Mama ta leƙa ta labule. Cokalin ya faɗi daga hannunta.

Ta ce, "Wilf ne."

Kawu Wilf wan Mama ne, ma'aikacin Hadlow tun yana saurayi. Rabon da ya tako gidanmu tun ranar da aka yi min baftisma, da shi da Baba suka shaƙe juna a kan motar wa za a ɗauke ni zuwa coci. A ƙarshe a ƙafa aka kai ni.

Desmond ya miƙe da sauri. "Baba ka zauna, bari in sallame shi."

"Ni za a ce wa in zauna a gidana?"

Ya ajiye wuƙar ya fita. Muka bi shi.

Ni dai a bakin ƙofa na ƙame.

Mota biyu ne a layinmu, hanci da hanci. Koriya da shuɗiya. Tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, fitila ɗaya, hatta lanƙwasar gilashin baya iri ɗaya. Ragar gaba ce kaɗai ta bambanta, tamu a tsaye, tasa a kwance, sai ɗan tambarin da ke saman kowace.

Kawu ya fito da jaridar jiya a dunƙule, ya buga ta a kan motar Baba.

"Hannun wa, Cyril?"

"Ɗauke tsummanka daga kan motata."

"Na ce hannun wa? Karanta min da bakinka, tunda kai ne a hoton!"

"Ka sha giya ne da tsakar ranar Lahadi?"

"Ko ɗigo ban sha ba. Jiya na shiga mashaya, yaran da ke aiki a ƙarƙashina suka juya min baya. Mutum ɗari shida muna aikin dare da rana a kan motar nan tun bara, wani yatsansa ya bari a ciki, sai mu wayi gari mijin ƙanwata ya dafa ta a jarida wai aikin hannunsu ne? Wannan ai sata ce da rana tsaka!"

Baba ya yi wata 'yar dariya. "Wato kun ga tamu ta yi kyau, kuka kwaikwaya. Ai dama halinku ne."

"Kwaikwaya?"

Kawu ya buɗe ƙofar shuɗiyar motarsa, ya ja da baya.

"Zo ka rufe."

"Ba na taɓa ƙazanta."

"Zo ka rufe in kai namiji ne."

Zuwa lokacin duk layin an fito. Len Gittins maƙwabcinmu, wanda har yanzu yake aiki a Lanbury, yana tsaye da adiko a wuya. Mata sun jeru a bakin ƙofofi.

Baba ya taka a hankali, ya sa yatsa biyu ya tura ƙofar.

Ɗif!

Ƙara ɗaya ce sak da ta motarsa.

Baba ya sake buɗewa, ya sake rufewa. Ya shafa gefen ƙofar, ya sunkuya ya duba ƙarƙashinta. Ya koma kan tasa ya yi haka. Da ya ɗago, ba Kawu ya kalla ba. Maƙwabta ya bi da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Kowa ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Len?"

Len ya murza adikon. "Cyril, an ce mana kar mu faɗa maka."

"Wa ya ce?"

Len ya kalli Desmond, ya kalli Mama.

Mama ta fashe da kuka. "Likita ne ya ce duk abin da zai tayar maka da hankali a kawar maka da shi. Ni rayuwarka na duba, Cyril, ban duba ƙarfe ba."

Ban san lokacin da na juya kan Desmond ba.

"Yaya, me ke faruwa? Wata takwas kana rubuto mana cewa ana ta aiki a Lanbury!"

"Ai ana aiki."

Len ya ce, "Aikin me? Faɗa mata mana! Tun kaka ake turo mana motocin ta gada a kan tirela, tsirara, ba suna ba uba. Mu ɗaura raga, mu liƙa tambari, mu goge gilashi. Ni da na yi shekara ashirin ina haɗa inji, yanzu ƙusa huɗu nake ɗaurawa daga safe zuwa yamma."

Kawu ya ɗora. "Kuma ba ku kaɗai ba. Suna huɗu ake raɗa mata. Idan ta fito gefenku Lanbury ce, gefenmu Hadlow. A sa mata kujerar fata da ɗan katako a gaba, ta zama Merriot, likitoci da lauyoyi su saya suna hura hanci. A ja mata layi a jiki, a bar salansa na ihu, ta zama Selwyn, samari su ɗauka suna tashin tsofaffi daga barci. Uwa ɗaya, uba ɗaya, ɗaki ɗaya aka haife su. Ungulu ce da kan zabo!"

Desmond ya gyara laktaye. Wannan gyaran laktayen ya fi komai ƙona min rai.

Ya ce, "Baba, ka saurare ni. Duniya ta canza. Ba kamfanin da zai iya ƙera mota huɗu daban-daban yanzu ya rayu. Jamusawa na turo nasu, Faransawa na turo nasu. Mutane kuma kowa da sunan da ya gada, ɗan Lanbury ba zai sayi Hadlow ba ko kyauta ce. Shi ya sa aka ce..."

"Na tambaye ka labarin duniya?"

"Baba..."

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Ran Juma'a da ka kama hannuna ka ɗora a kan tambarin nan, ka ce in yi murmushi, ka san ba a Lanbury aka ƙera ta ba?"

Desmond ya sake taɓa laktaye.

"Da kai nake."

"Na sani."

Na ce, "Kai ka rubuta abin da ke ƙasan hoton?"

"Beryl, ba da ke ake ba."

"Da ni ake! Ni na kwana ina riƙe masa kwano yana tofar da jini, kai kana nan kana auna yadda fuskarsa za ta yi kyau a talla! Ka jira ya rame, ya yi furfura, ka ga ya dace da hoto, ka ɗauko shi ka jingina da motar wasu. Uban da ya sayar da kekensa ya kai ka makaranta! Ba ka ji kunya ba? Ko ita ma kun liƙa mata wani sunan?"

"Ki iya bakinki."

"An ƙi a iya! Kyauta wai. Kyautar da aka biya da mutuncinsa?"

Fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya daka min tsawa:

"Ke me kika sani? Ba don hoton nan ba, da ko sunan ma ba za su bar mana ba!"

Yana rufe baki ya gane ya yi ɓarin zance.

Len ya cire adikon daga wuyansa a hankali.

"Ko sunan ma? To in sunan suka bari, me za su ɗauke?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Yaro, na goya ka a kafaɗata zuwa kallon ƙwallo. Kalle ni. Me za su ɗauke?"

Maza suka fara matsowa. Ba wanda ya ɗaga murya, kuma wannan ya fi ihu ban tsoro. Desmond ya ja da baya har ya jingina da motar.

Mama ta kama hannun rigarsa. "Desmond, ka ce min gyara za a yi wa wurin. Ka ce min na ɗan lokaci ne."

Bai iya kallonta ba.

Ya ce, "Za a rufe masana'antar Lanbury kafin Kirsimeti."

Matar Len ta kurma ihu ta zauna a dandamali. Wani daga baya ya ce, "Ɗan Cyril? Ɗan Cyril ne ya san wannan yana gaishe mu kullum a bakin get?"

Na matsa kusa da Baba. Ƙirjinsa kawai nake ji yana kuka kamar tsohuwar ƙofa.

Kawu Wilf ya cire hularsa. Duk zafin da ya zo da shi ya tsiyaye.

Ya ce, "Cyril, na rantse ba wannan ya kawo ni ba. Na zo ne a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Ban san za a kai nan ba. In ta yi tsanani, zan yi wa wasu daga cikinku magana a wajenmu. Hadlow ba ta taɓa..."

Desmond ya yi wata dariya mai ɗaci. Tunda ya ga rigarsa ta riga ta jiƙe, sai ya ga gara kowa ma ya jiƙe.

"Wace Hadlow, Kawu?"

"Kamar yaya wace Hadlow?"

"An yi bincike a dillalai. Sunan Lanbury ya fi sayuwa. Daga baɗi ba motar da za ta sake fita da tambarin Hadlow. Ginin naku za a bari, sunan namu za a bari. Za a sauke allon da ke kan get ɗinku. Har ka yi ritaya, Lanbury za ka riƙa ƙerawa."

Duk muka juya wajen Kawu.

Mutumin da kakansa ya fara aiki a Hadlow tun suna haɗa kekuna a rumfa, mutumin da ya sa aka zana masa tambarin a damtse da allura, sai ga shi ya laluba bayansa ya zauna a kan bambar motarsa kamar an zare masa laka.

Ya ce, "Ni? Ni zan liƙa Lanbury da hannuna?"

Na kalli yayana. Ina neman yaron da muke raba alewa da shi a ƙarƙashin gada, ban gan shi ba.

Na ce, "Kai kuma me suka ba ka?"

"Ba abin da suka ba ni."

"Ƙarya kake."

Mama ta ce da ƙaramar murya, "Ya ce min za a mayar da shi Landan a watan gobe."

Wani ya yi tsaki mai tsawo. Wata ta tofar da yawu.

Sai a lokacin Baba ya motsa. Ya shiga gida, mun ɗauka kwanciya zai yi. Ya fito da sukudireba a hannu, tsohuwarsa mai ƙotar katako.

Mama ta ce, "Cyril, don Allah."

Bai kula ta ba. Ya je gaban koriyar motar, ya cusa bakin sukudirebar a ƙarƙashin tambarin, ya danna. Fenti ya kwarzane. Ya sake dannawa. Abin ya ɓalle ya faɗi a kan kwalta yana ƙara kamar murfin kwalba.

Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauka, ya juya shi a tafin hannunsa. Ɗan ƙarfe ne da bai kai girman biskit ba.

Ya kamo hannun Desmond ya danƙa masa.

"Ga abin da ka ceto. Riƙe da kyau, kar ya faɗi a hanyar Landan."

"Baba, ba ni na yanke ba. Ni ƙaramin ma'aikaci ne, me zan iya?"

"Da ka zo ka faɗa min, da na zage ka, na zagi iyayen gidanka, mu ci abinci. Amma ka ce in yi murmushi."

Ya juya wajen Kawu.

"Wilf."

Rabon da in ji ya kira sunan nan ba tare da ya haɗa da zagi ba, ban ma taɓa ji ba.

"Tashi. Jirgi ɗaya ya kwaso mu. Ba ni da ƙarfi, ba zan iya tuƙi ba. Za ka iya tuƙa wannan?"

Kawu ya share fuska da hula. "Ni na haɗa ta, zan kasa tuƙa ta? Ina za mu?"

"Wurin aikina. Zan ga abin da ya rage da idona, tunda bakin kowa ya zama na haya."

Na ce, "Baba, ƙirjinka! Bari in ɗauko maka kwat."

"Zauna da uwarki."

Ya jefa wa Kawu makulli. Suka shiga motar da ba ta da suna, ɗan Hadlow a kan sitiyari, ɗan Lanbury a gefensa. Suna tashi Len ya bi bayansu a ƙafa, sai wani, sai wani. Kafin su sha kwana maza sun fi talatin, wasu da silifas, wani ma da cokali mai yatsu a hannu ya manta bai ajiye ba.

Na juya zan shiga gida, Desmond ya damƙe min hannu. Tafinsa sanyi ƙalau, ya jiƙe da gumi.

"Beryl, ki bi su. Ki tsayar da shi."

"Sake ni."

"Ki tsayar da shi na ce! Ni ba zai saurare ni ba."

"Me kake tsoro? Yau Lahadi, ba kowa a wurin sai mai gadi. Zai leƙa ta get ya dawo."

Ya girgiza kai. 

"Akwai mutane."

"Su wa?"

"Ba Kirsimeti za su jira ba. Yau suke kwashe injuna. Tun asuba tireloli suka shiga ta ƙofar baya, don an san kowa na gida. Babban injin matse ƙarfen da Baba ya yi aiki a kansa, shi za a fara fitarwa."

Mama ta dafe bango.

Na ce, "Kai ka zaɓi ranar?"

Ya kau da kai.

"Kai ka zaɓi ranar, Desmond?"

"An kawo masu gadi daga wani gari. Ba su san kowa ba. Da karnuka suka zo, kuma an ce musu duk wanda ya taɓa get..."

Ban tsaya jin sauran ba. Na fizge hannuna, na cire takalma, na zuba da gudu. Na wuce shagon burodi, na wuce coci, ina jin numfashina kamar zai tsage.

Ina kaiwa kan tudun da ake hango bututun hayaƙi, jiniyar Lanbury ta ɗauka.

Na tsaya cak.

Tunda aka gina wurin, sau ɗaya aka taɓa busa ta ranar Lahadi, lokacin yaƙi, ranar da bam ya faɗa kan ɗakin fenti.

Ta yi ta kuka, ba ta tsaya ba.

A ƙarƙashin kukanta na ji haushin karnuka, sannan na ji muryar Kawu Wilf tana tsaga iska:

"Cyril! Cyril! Ku sake shi, ba shi da lafiya!"